Wanda Ya Zaunar da Manu

Hantsi ne, ruwan da aka kwana ana yi bai daɗe da ɗaukewa ba, tsakar gida duk caɓi. Ba wanda ya tafi gona, don ƙasa ta sha ruwa da yawa, fartanya ba za ta ci ba. Aƙilu yana zaune a bakin ɗakinsa yana gyaran ƙota, amma idonsa yana can rumfar mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan yake kira Tsohuwa.

A rumfar an ajiye Amatullahi, 'yar yayansa Sule, cikin baho. An zagaye ta da tsummoki an tokare mata baya, ga ta zaune daram, kai yana ɗan rawa. Manu ɗan Aƙilu kuwa, wanda aka haifa sati ɗaya da ita, yana kwance a tabarma yana kallon jinka yana harba ƙafafu.

Laraba matar Sule ta leƙo daga madafi ta ce, "Ƙanin miji, ka ga mutuniyar? Mu dai mun zauna. Naku fa? Ko sai an yi masa odar kujera daga Funtuwa?"

Aƙilu ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Manu ɗan fari ne. Ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ko maganarsa aka yi sai ya zama kamar bai ji ba. Haka ita ma matarsa Rashida, in ba nono za ta ba shi ba, sai ka ce ɗan maƙwabta ne.

Tsohuwa ce ta amsa. "Ke Laraba, ƙyale min maigida ya huta. Mace da wata uku ake zaunar da ita, ƙashinta da wuri yake nuna. Namiji kuwa sai ya shiga na biyar. Ƙugun namiji ɗanye ne. Aka zaunar da shi da wuri an cuce shi, ko sunkuyon noma ba zai iya ba."

"To Inna, ai shi ke nan, sai mu jira mai sarauta ya ga dama."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, amma abin ya tsaya masa a rai. Shi fa a ɗaki, in ba kowa sai Rashida, yana ɗaukar yaron, yana ɗora shi a ƙirji, ya san ƙarfin wuyansa. Ya ga yadda yake cije baki yana son ɗago kai. A ganinsa ba abin da Amatu ta fi shi da shi.

Da rana ta ɗan yi, aka mayar da yaron ɗaki, Rashida ta tafi kai niƙa. Aƙilu ya saki labule, ya jawo bahon wankinta, ya cusa tsofaffin zannuwa, ya ɗauki Manu ya zaunar. Yaron ya buɗe ido yana kallon ɗakin ta inda bai taɓa ganinsa ba, sai ya washe dasashi. Aƙilu ya ji wani daɗi har cikin ƙashinsa. A hankali ya ce, "Ka gani ko? Kai ma ka iya."

Daga ranar, duk lokacin da Rashida ta fita rijiya ko niƙa, sai ya yi. Ba ya daɗewa, kuma hannunsa yana kusa.

Ran nan yana cikin haka sai Sule ya ƙwala masa kira daga zaure, wai akuya ta tsinke ta nufi masarar bayan gida. Ya dubi yaron, ya ga ya zaunu sosai. Ya ce a ransa yanzun nan zai dawo. Akuyar kuwa ta ba su wahala, sai da suka zagaya gona da ita.

Tun daga zaure ya jiyo kukan. Ko da ya iso, labule a ɗage yake. Manu ya kife gaba, ya ninke a cikin bahon, Rashida ta dire tulu ta durƙusa tana ciro shi, Tsohuwa kuma tana tsaye a kanta.

"Innalillahi! Rashida, abin da kike yi ke nan in kin saki labule? Gasa kike da Laraba? Da ƙugun jikana za ki yi gasa?"

Rashida ta ɗago ta dubi mijinta a bakin ƙofa. Kallo ɗaya. Ba za ta ce shi ne ba, a gaban uwarsa. Ta jira shi ya faɗa.

Ya buɗe baki. Igiyar akuyar tana hannunsa, yana ta murza ta. Abin da zai faɗa guda biyu ne a haɗe, ya karya maganar Tsohuwa, kuma yana wasa da ɗan fari a ɓoye kamar wanda ba shi da kunya. Sule yana bayansa, Laraba ta fito da muciya a hannu. Sai ya ji kansa yana cewa, "Bari in je in ɗaure akuyar."

Da ya dawo ɗaki bayan an watse, ya ce, "Rashida, ki yi haƙuri. Zan gaya mata."

"Yaushe?"

"Bari ta huce."

Rashida ta tashi. Ta zazzage zannuwan daga bahon, ta fitar da shi waje ta kife.

Tsohuwa ta huce, shi kuma bai faɗa ba. Da fari ya ce sai bayan an gama maimai. Da aka gama, ya ga maganar ta kwanta, to me zai sa a tono ta? Manu ya zauna da kansa a lokacinsa, yana ci yana ƙiba. Aƙilu ya yi ajiyar zuciya ya ce Allah ya rufa asiri.

Sai Amatu ta fara rarrafe. Manu bai yi ba. In yana son abu, sai ya zauna ya riƙa jan gindi, ƙafa ɗaya a lanƙwashe, har ya isa wurin. Kafin damina ta zagayo, Amatu ta miƙe tana bin bango, aka riƙe mata hannu ana tatata, ba a jima ba ta saki hannun kowa tana korar kaji. Manu yana zaune yana bin ta da ido.

Tsohuwa ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Sai dai in Amatu ta gifta da gudu ta ce, "Allah sarki maigida, da an bar ka, da yanzu kai ke gaba." In baƙi sun zo gaisuwa suka tambayi yaron bai fara tafiya ba, sai ta ce, "Ku tambayi mai gaggawa," ta nuna ɗakin Rashida da haɓa. Har matan unguwa suka ɗauka. Amarya in ta haihu namiji sai a ce mata, ki bi a hankali, kar ki yi irin ta gidan su Sule.

Daga nan ta karɓe kula da shi. Da safe ta gasa masa ƙugu da ruwan ɗumi ta shafe shi da man kaɗanya, sannan ta goya shi ta tamke da majanyi, wai kada bayan ya ƙara lanƙwasa. Wuni yake a bayanta. In za a ba shi nono, ita take kawo shi, ta tsaya har ya gama ta ɗauke abinta.

Rashida tana yin aikinta yadda ta saba. Tana kai wa Aƙilu ruwan wanka, tana ajiye masa tuwo. Hira ce dai ta mutu. Da, in ya dawo gona takan tare shi da labarin abin da yaron ya yi, har tana kwaikwayonsa. Yanzu sai "sannu da zuwa," shi ke nan. Wani lokaci yakan gan ta tana daka, idonta yana kan ƙafafun Manu da ke lilo a bayan Tsohuwa.

Da kaka ta yi, ana cikin ɓarar masara a tsakar gida, Tsohuwa ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "In an gama kai amfanin nan rumbu zan yaye maigida. Kuma ba zai koma ɗakin can ba. A wurina zai zauna har ya shiga makaranta, in ma Allah ya sa zai iya takawa ya je."

Hannun Rashida ya tsaya a kan masara, sannan ya ci gaba. Uwar ɗan fari ba ta cewa a bar mata ɗanta. Ko da ba ta da laifi ba za ta faɗa ba, balle ga abin da aka ɗora mata.

Washegari Aƙilu ya ari babur ɗin Sule, ya ce wa Tsohuwa ranar awo ce a Malumfashi, kuma uwar yaro suke nema. Ta kwance Manu daga goyo da ƙyar ta miƙa. A hanya yana jin Rashida a bayansa tana yi wa yaron magana ƙasa-ƙasa, tana nuna masa shanu da motocin auduga. Ya rage gudu, ya bi ramuka a hankali, don hanyar ta ƙara tsawo.

Malamar asibitin da ta duba su sunanta Titilayo, haifaffiyar garin ce, Hausarta har ta fi tasu gudu. Ta kwantar da Manu ta lanƙwasa ƙafafunsa ta miƙe, ta bi bayansa da yatsa, ta tsayar da shi a kan tebur tana riƙe da hammatarsa. Ya kafa ƙafa ya tokare, yana ƙoƙarin fizge mata biro.

"Wannan ƙaton? Me aka ce yana damunsa?"

Aƙilu ya ce, "An zaunar da shi ne da wuri, Malama. Yana wata uku. A baho. Har ya kife."

"Wa ya zaunar da shi?"

"Ni."

Ta dube shi ta yi dariya. "To Baban yaro, ba ka kyauta ba da ka bar shi shi kaɗai, da ya toshe hanci fa? Amma ƙugu kam ban ga abin da ya same shi ba. Masu jan gindi da yawa sukan yi jinkirin tafiya, maza da mata. A ina yake wuni?"

"A bayan kakarsa."

"Kullum? To da wace ƙafar zai koya? Ku sauke shi ƙasa, ya kama turmi, ya kama bango, ya faɗi ya tashi. In wata biyu ya wuce bai taka ba, ku dawo min da shi mu ƙara dubawa."

Aƙilu ya ce, "Amma ai an ce mace ta fi sauri."

"Ni nan yara nake gani tun safe har azahar. Wajen zama da tafiya ban ga wani tsere tsakanin mace da namiji ba, kowane da ranarsa. Sai sun tasa ne za ka ga maza sun fi jifa da harbin ƙwallo, mata sun fi tsalle da ƙafa ɗaya da aikin yatsu. Shi ma ɗin, duba abin da ake miƙa wa kowa. Wa ya taɓa ba 'yarsa danƙo?"

A hanyar dawowa suka bi ta gaban wata firamare, an fito tara. Maza sun taru a gindin mangwaro suna gasar jifan gwangwani, mata a gefe sun zana gida-gida a ƙasa suna tsallake-tsallake, wasu suna carafke. Aƙilu ya tsaya kamar mai duba taya. Ya yi ta kallon maza masu jifan, yana neman wanda Manu zai yi kama da shi. Ya ɗauka maganar malamar za ta sauke masa nauyin da ke ƙirjinsa, sai ya ji yana nan yadda yake.

"Kin ji dai, ba abin da ya same shi," ya ce.

"Na ji," in ji Rashida. "Ni da ma ban ce wani abu ya same shi ba."

Da la'asar ya sami Tsohuwa ita kaɗai a rumfa tana tsince wake, Manu ya riga ya koma bayanta. Ya durƙusa ya gaya mata abin da aka ce a asibiti. Ta ce 'yan asibiti ba su san ƙugu ba, allura suka sani. Sai ya ce, "Tsohuwa, ranar nan ta baho, ba ita ba ce. Ni ne. Ni na zaunar da shi, ita daga rijiya ta dawo ta tarar."

Ta ajiye faifan ta kalle shi tun daga sama har ƙasa.

"Kai? Kai da ko sunansa ba ka iya faɗa? Kai da in an miƙo maka shi kake gudu zaure?" Ta girgiza kai. "Ashe abin da aka je yi Malumfashi ke nan. An zaunar da kai a hanya an karanta maka. Ta lalata min jika, yanzu kuma ta koya wa ɗana ƙarya."

"Wallahi Tsohuwa..."

"Kar ka rantse a kan mace. Tashi ka ba ni wuri."

Ta ɗaga murya yadda za a ji har madafi. "A gaya wa mai aike, aikenta ya iso. Jibi zan shafa mata maɗaci a nono, in ga ta inda wayon zai ɓullo."

Da ya shiga ɗaki, Rashida tana ninke 'yan rigunan yaron tana jerawa a kan gado. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Da ka bar shi yadda yake. Da laifi ɗaya gare ni."

Ya zauna a bakin gado. Gaskiyar da ya ajiye ta yi ta jira har ta lalace, yanzu ya fito da ita ba mai saye.

Da safe gidan ya cika. Sule yana ɗaure buhuna, Laraba tana shara, ga mata biyu na maƙwabta sun shigo taya ɓarar masara. Tsohuwa ta gama gashin ƙugu, ta zaunar da Manu a cinya tana warware majanyi za ta goya. Aƙilu ya fito da lauje zai tafi yankan waken suya. Ya kai tsakiyar gida ya tsaya. Ya jingine laujen a jikin rumbu, ya juya ya nufi rumfa.

Ya durƙusa a gaban uwarsa ya tafa hannu. "Manu. Zo, Manu."

Tsintsiyar Laraba ta tsaya. Ɗaya daga cikin matan ta rufe baki da gefen mayafi.

Yaron ya yi wani ƙara na murna, ya zame daga cinyar Tsohuwa ya faɗa jikinsa. Nan take ya cusa hannu a aljihun gaban rigar uban yana lalube, ya ciro guntun ƙuli-ƙuli ya kai baki, ya kwantar da kai a wuyansa daidai inda ya saba.

"La ilaha illallahu," in ji Laraba. "Ƙanin miji, yau kuma? Kunyar fa, ko akuya ta cinye?"

Sule ya ce, "Kai Aƙilu, mene ne haka a gaban mutane?"

Aƙilu ya miƙe. Kunnuwansa suna zafi, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. Ya ratsa tsakar gidan da yaron a kafaɗa, ya kai shi ƙofar ɗakin Rashida inda take tankaɗe, ya sauke shi a ƙasa kusa da turmi. Ya kama hannuwansa biyu ya ɗora a bakin turmin.

Tsohuwa ta biyo shi da ido, majanyin yana hannunta. Ta daɗe tana kallon aljihun rigar, da yaron da ke ta miƙa hannu yana neman ƙari.

"Tun yaushe ya san aljihun nan?" ta ce.

"Tun da ya fara riƙe abu."

"A ɗaki."

"A ɗaki, Tsohuwa. Bahon ma ba sau ɗaya ba ne. Duk ran da ta fita."

Matan maƙwabta suka sunkuya a kan masara kamar ba su ji ba, alhali kafin azahar unguwa duk za ta ji. Tsohuwa ta ninke majanyin, ta sake warwarewa, ta sake ninkewa. Ta dubi wajen Rashida, ta kawar da kai. Can ta ce, "Rana tana yi, waken zai fashe a gona." Ta tashi ta shige ɗakinta.

Ya ɗauki lauje ya fita. A gona ya yi ta yanka, yana tuna duk ranakun da zai iya yin abin da ya yi yau bai yi ba. Bai ji ya wanke kansa ba. Watannin da yaron ya yi a bayan Tsohuwa ba mai dawo wa Rashida da su.

Da ya dawo, rana ta yi sanyi. Manu yana nan inda ya bar shi, ya yi buɗu-buɗu da ƙasa har gira. Ba wanda ya zo ɗaukarsa. Amatu tana zagaya turmin tana leƙo shi, shi kuma ya kama bakin turmin ya miƙe, gwiwoyi suna karkarwa, ya koma daɓas, ya sake kamawa. Rashida ta bar kunyar ita ma, ta zauna dirshan a ƙasa, ta buɗe hannuwa a bayansa ba ta taɓa shi ba. Ta ga shigowar mijinta, ba ta ce masa sannu ba, shi ma bai ga laifinta ba. Ya zauna a bakin rumbu yana cire ƙaya daga ƙafar wando.

A kan murhu tukunyar talgen Rashida ta fara tafasa, kumfa yana ɗaga murfi yana zuba cikin wuta. Hankalinta yana kan yaron, ba ta ji ba. Tsohuwa ta fito da buta za ta yi alwala. Ta zo daidai murhun, ta sunkuya ta zare itace biyu, ta ɗan karkace murfin, ta wuce bayan ɗaki.